Babi na Shida: Motar Gudu a Ƙasar Fadama

A shekarar 2007 kamfanin Mercedes-Benz ya fito da sabon samfurin C-Class, wanda makanikai suka sani da W204, ya kuma ba motar fuska biyu. Ɗaya tana ɗauke da ɗan tauraron nan a tsaye bisa bonet, irin na Marsandin iyayenmu. Ɗayar kuwa an dasa mata ƙaton tauraro a tsakiyar hanci, an sassauto da ita ƙasa da kamar santimita ɗaya da rabi, an ƙara wa sifirin da shokazobanta tauri. A Amurka, inda akasarin C300 da ke yawo a titunanmu suka fito, ta farkon sunanta Luxury, ta biyun Sport. A shekarun farko injinsu ɗaya ne, V6 mai lita 3 da ƙarfin doki 228. Jikin ma ɗaya ne. Amma wanda ya taɓa zama a majalisar masu son mota a Haɗeja ya san wannan santimita ɗaya da rabi ya isa ya riƙe mutane tun daga sallar isha'i har mai shayi ya fara tattara kofunansa.

Gardamar tana da hanyar da take bi. Saurayi ne Allah ya buɗa masa, ya samu a shinkafar rani ko a riɗi, ko kuwa yana loda busasshen kifi zuwa kudu, sai ya ɗora ido a kan mai ƙaton tauraro. Dattijon da ya ci ƙuruciyarsa a hanyar Kano zuwa Nguru zai dube shi ya ce, "Ɗana, kafin ka biya, kai ta garin kakanninka ka dawo." Shi kuma ya ce, "Baba, ai ba don ƙauye zan saye ta ba." Dattijon ya ce, "To ranar da aka yi rasuwa can fa, a me za ka je?" Daga nan kowa ya jefa baki. Wannan yana maganar kyau, wancan yana maganar daɗin zama, na uku bai san komai ba sai yadda take amsa totur.

Ba na cikin masu ganin wannan sha'awa hauka ce ko almubazzaranci. Garin da ya san doki ba zai rasa masu son mota ba. Mutumin Haɗeja ya gaji duba dabba ta fuska uku tun kafin kwalta ta zo: ƙirarta, laushin tafiyarta a ƙarƙashin sirdi, da yadda take jin linzami in an saki sukuwa aka zo zamiya a gaban Sarki. Tambayoyin nan uku su ne dai ake yi wa Marsandi da BMW da Lexus a yau. Bambancin shi ne, dokin a ƙasar nan aka haife shi, ya san yashinta da taɓonta. Motar kuwa an auna ta ne a manyan titunan Jamus, waɗanda da yawansu ba su da ƙayyadadden gudu, da kuma tsohon filin tseren Nürburgring mai tsawon kusan kilomita 21, inda kamfanoni ke gwada sababbin ƙira. Duk hukuncin da mujallun can suka yanke a kan kyau da daɗi da tuƙi, sai an sake zama a kansa a nan, domin ƙasar da za ta taka daban ce.

Mu fara da kyau, tunda shi ke fara kama mutum. Abin da ke sa irin wannan mota ta cika ido ba ɓoyayye ba ne: dogon bonet, gajeren baya, rufi da ya kwanta, da tayoyi da suka cika ramukansu har babu sarari tsakaninsu da jiki. Bruno Sacco, ɗan Italiyan da ya shugabanci sashen zanen Mercedes daga 1975 zuwa 1999, shi ya jagoranci ƙirar 190 ta shekarar 1982, kakar C-Class, kuma har yau in ka ga wadda aka riƙe da kyau sai ka waiwaya. A zamaninsa ƙafa mai inci 14 ko 15 ta wadatar. Yanzu saurayi ba ya ganin mota ta yi kyau sai da inci 18 ko 19, kuma a nan ne kyau ke fara cin kuɗi.

Lambobin da ke jikin taya suna faɗin komai ga wanda ya iya karanta su. In ka ga 225/45 R17, faɗin tayar milimita 225 ne, tsayin gefenta kuma kashi 45 cikin ɗari na wannan faɗi, wato kamar santimita 10 na roba da iska tsakanin ƙarfen ƙafa da ƙasa. A 225/40 R18 ya koma santimita 9. A 235/35 R19 ya sauko kusan 8. Tsohuwar Fijo 504 kuwa wajen santimita 14 take takawa. Wannan tazara ita ce katifar farko ta mota, kafin a zo ga sifirin. Je ka wajen mai faci ka tsaya ka ga abin da ramin kwalta mai kaifin baki ke yi wa siririyar taya. Zai ciro ƙafar, ya shafa ruwan sabulu a ciki, sai ka ga kumfa tana tasowa daga wani tsagu siriri kamar gashi a jikin alminiyam. Tayar kanta lafiya lau take a ido, amma kullum da safe iska ta sauka. Wani lokacin kuma gefenta ne zai kumbura, zaren ciki ya tsinke, wannan kuwa ba ta da magani sai sabuwa. Akwai masu walda ƙafar a Kano, amma ƙafar da aka yi wa walda ba abar da za ka ɗora iyalinka a kai ka kama gudu ba ce. BMW 3 Series ta shekarar 2005 zuwa sama ta ƙara wani abu: ta zo da taya mai taurin gefe wadda za ta iya tafiyar kamar kilomita 80 ba iska, saboda haka kamfanin bai sa safaya ba. Mutanenmu sukan cire waɗannan su sa na gama-gari don sauƙin kuɗi da laushi, su manta but ɗin babu safaya babu jak. Tsakanin Gujungu da Haɗeja da dare ba wurin da za a tuna da wannan ba ne.

Daɗin zama kuwa, sai a tambaya: daɗin wa? Kujerun gaba na waɗannan motoci an yi su ne su rungumi direba ta kwiɓi biyu don kada ya zame a kwana, kuma gaskiya a doguwar tafiya baya ba ya ciwo. Amma mota a Haɗeja ba ta mutum ɗaya ba ce. Za ka ɗauki inna zuwa asibiti a Kano, za ka ɗauki ƙannen amarya, za ka rage wa limamin unguwa hanya. Bayan Lexus IS 250 matsattse ne ƙwarai, dogon mutum da babbar riga gwiwarsa na dukan kujerar gaba. Kuma da yake ƙafafun baya ke ja, akwai tudu a tsakiyar ƙasan motar inda sandar ja ta bi, wanda ya zauna a tsakiya sai ya raba ƙafa. Shi ya sa manya da yawa sukan bar IS su ɗauki ES 350, wadda tushenta ɗaya da Camry, gaba take ja, ga fili ga laushi ga shiru, sai dai masu son tuƙi suna cewa ba ta da rai a hannu.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu ma'auni yana haura digiri 40, baƙar kujerar fata da ta wuni a rana ba ta zaunuwa. Rufin gilashi da ake yanga da shi yana ƙara wa na'urar sanyaya aiki, robobin gefensa suna bushewa, ƙurar hunturu ta toshe ƙananan magudanan da ke kusurwoyinsa, ruwan farko na damina ya zubo ta ciki. Wasu Lexus na wajen 2006 zuwa 2008 an san su da dashbod mai narkewa ya yi danƙo a ƙasashe masu zafi, har kamfanin ya canza wa mutane da yawa a Amurka. A nan wanda ya saya ya ganta haka sai dai ya shimfiɗa ƙyalle.

Yanzu ga abin da ya sa ake yafe wa motar duk wannan. Wanda bai taɓa tuƙa mota mai ja da baya wadda aka daidaita nauyinta ba, ba zai gane abin da samarin ke faɗi ba, kuma suna da gaskiya. A motar da gaba ke ja, ƙafafun gaba ke yin aiki biyu, ja da juyawa, in ka taka sosai sai ka ji sitiyari yana fizga. A BMW ko Marsandi an raba aikin: baya na turawa, gaba na nuna hanya. BMW har batir ta mayar cikin but don nauyin gaba da na baya su zo kusan daidai. Injinta mai silinda shida a jere yana da santsin da ba a samu a yawancin injuna, domin motsin fistin ɗinsa yana kashe girgizar juna. A samfurin E90, wato 3 Series ta 2005, wanda sitiyarinsa na mai ne kafin a koma na lantarki a F30 ta 2012, tafin hannunka yana jin inda kwalta ta yi laushi da inda yashi ya hau titi. Marsandi ba ta kai ta wannan magana da hannu ba, amma ta fi ta natsuwa, tana zama a titi kamar an danna ta. Lexus IS tana tsakani, kuma ta fi su duka ƙarancin zuwa gareji.

To amma ina za a more wannan a ƙasar Haɗeja? Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba gangare, hanyoyinta miƙaƙƙu ne. Kwanoni masu jere da aka ƙera motar dominsu babu su. Abin da direba zai amfana da shi a kusan kilomita 200 da ke tsakanin Haɗeja da Kano abu biyu ne: ƙarfin wuce tirela cikin ƙanƙanin lokaci, da birki mai kamawa sa'ad da garken shanu ko amalanke ya fito daga gona. Waɗannan biyun alheri ne na gaske, suna ceton rai. Sauran ƙarfin jaraba ce. Motar tana ɓoye gudu, ba ƙara ba girgiza, kuma wadda ta fito daga Amurka manyan lambobin agogonta mil ne ba kilomita ba. Yaro ya ga allura a kan 80 ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali yana dab da kilomita 130 a awa, a hanyar da dokar tuƙi ta ƙasa ta yanke wa ƙananan motoci 80, cikin gari kuma 50. In gudu ya ninka, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Wannan lissafi bai san tauraro ba. Ina faɗin haka da ciwo a zuciya, domin babu garin da ke bakin waɗannan hanyoyi da bai binne matashi ba saboda gudun ranar ɗaurin aure.

Duk lokacin da gardama ta kai nan, dattawa sukan kawo Fijo 504, samari su yi dariya. Bai kamata su yi ba. Motar ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, kamfanin zane na Pininfarina ne ya fitar da surarta, baya take ja, kuma a 1975 ta ci tseren Safari na gabashin Afirka, wanda ake yi a burji da taɓo. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barin ta. Abin da ya sa ta mallaki hanyoyin arewa shi ne doguwar tafiyar sifirinta: ƙafa tana da sararin nutsewa cikin rami ta fito ba tare da jikin motar ya ji ba. Ga kyau daidai zamaninta, ga laushi, ga biyayya a hannu, a kan irin hanyarmu. Ba ina cewa a koma mata ba, ba ta da jakar iska ko birkin zamani, kuma a karo sabuwar Marsandi ta fi ta kare rai nesa ba kusa ba. Ina cewa ne an taɓa yin motar da ta amsa tambayoyin nan uku da harshen ƙasar nan, kuma ita ce ma'aunin da ya dace a riƙe.

Babban alƙali dai ruwa ne. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, wanda ke bazuwa cikin fadamun da suka miƙa har Nguru. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, sai halin kogin ya canza. A da yakan cika da damina ya janye da rani. Yanzu ruwa yana gudana kusan duk shekara, kachala ta samu wurin zama, ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwan da ya rasa hanya sai ya nemi gonaki da gidaje da tituna. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri ba sa buƙatar a ba su labari. A damina ta 2022 hanyoyi sun yanke a sassa da yawa na Jigawa, wuraren da ake bi da mota aka koma bi da kwalekwale, mutanen Haɗeja suka yi ta cika buhuna da ƙasa dare da rana suna ƙarfafa jinga don kare gari.

Motar gudu tana da kamar santimita 13 zuwa 14 tsakanin cikinta da ƙasa, kuma bakin da injinta ke shaƙar iska yana nan gaba, bayan hanci. Ruwan da ya kai gwiwa ya fi ƙarfinta. Ko wanda bai kai ba, in babbar mota ta taho daga ɗaya gefen ta turo igiya, ya isa. Inji yana matse iska ne, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Kofi guda ya shiga silinda, fistin ya taso ya same shi, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa jikin injin. Sau da yawa asarar ba a shigar ruwan take faruwa ba, a sake murza makulli ne bayan motar ta mutu a tsakiya. Wanda ta mutu masa ya fito ya nemi a tura ta, a cire fulogi a fitar da ruwa, a canza baƙin mai, sannan a gwada. Bayan inji akwai na'urorin lantarki da wayoyi da aka shimfiɗa ƙarƙashin kafet da kujeru. Su ba sa mutuwa nan take. Sai bayan wata biyu fitilu su fara kunna kansu, gilashi ya ƙi sauka, giya ta maƙale a ɗaya. Kuma 4Matic da ake taƙama da ita, wato Marsandi mai ja da ƙafa huɗu, tana taimako a santsi da ɗan yashi, amma ba ta ɗaga motar yadda za ta tsira daga ruwa.

Saboda haka in ƙanena ya tambaye ni, ba na hana shi. Ina ce masa ya ɗauki wadda ba a sassauto da ita ba, kada ƙafa ta wuce inci 17, kujera mai haske, rufin ƙarfe, safaya a but. Ya san daga Agusta zuwa Oktoba akwai hanyoyin da ba nata ba ne. Kuma tun kafin ya biya ya san hannun da zai riƙa taɓa ta, domin waɗannan motoci sai da kwamfutar gano cuta, kowace kuma da lagonta: famfon ruwan lantarki da robobin lagireto a BMW, makullin sitiyari na lantarki a W204, datti da ke taruwa a bawul ɗin IS 250. Kayan gyara akasari sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, a jira direban tasha ya kawo. Man fetur kuwa, tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Injin V6 yana shan lita 9 zuwa 10 a kilomita 100 a buɗaɗɗiyar hanya, zuwa Kano da dawowa wajen lita 40 ke nan.

Akwai wani ruwan kuma da ba na Kogin Haɗeja ba. A da motocin nan ta Kwatano suke biyowa, su ratso Nijar su shigo ta iyakoki irin Jibiya da Maigatari, har gwamnati ta hana shigo da mota ta ƙasa daga Janairun 2017. Ko ta ina suka shigo, da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka aka saye su, inda ake zubar da waɗanda suka yi haɗari da waɗanda ambaliya ta cinye. Guguwar Harvey kaɗai, da ta afka wa Houston a Agustan 2017, ta lalata motoci dubu ɗaruruwa. Irin waɗannan ana wanke su, a goge, a fesa turare, su iso suna sheƙi, farashinsu kuma da sauƙin da ke jan mai ƙaramin ƙarfi. Makanikin kirki ba ya fara duba fenti. Zai tura kujera baya ya haska dogon ƙarfen da take gudu a kai ya nemi tsatsa. Zai jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ya ga ko akwai layin da ruwa ya tsaya. Zai ɗaga kafet ɗin but ya sa yatsa a ramin safaya ya shafo busasshiyar laka, ya zare wata mahaɗar waya a ƙarƙashin dashbod ya duba ko tagullar ta yi kore. Sannan ya rufe ƙofofi, ya kashe turare, ya kunna na'urar sanyaya ya shaƙa. A gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba akwai lambar motar mai harufa da alƙaluma 17. Da ita ake binciko tarihinta a intanet, sau da yawa har da hotunan ranar da aka yi gwanjonta, kuma kuɗin binciken bai kai na taya ɗaya ba. Dillalin da ya hana ka ɗaukar wannan lamba, ka yi masa sallama ka tafi wani wurin.